Binciken Magunguna A Jami'o'inmu: Ina Jarin Da Zai Kai Shi Kasuwa?

BAUCHI: Duk wanda ya zaga unguwar GRA ta garin Bauchi zai ga inda masu hannu da shuni suke zuba dukiyarsu, wato gidajen haya da masaukin baƙi da makarantun kuɗi, sai kuma ƙananan asibitoci da kantunan sayar da magani. Idan ya shiga ɗaya daga cikin kantunan nan ya duba kwalaye, zai tarar akasarinsu daga Indiya da Sin suka fito, domin an ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na magungunan da ake sha a Nijeriya shigo da su ake yi. Alhali kuwa a cikin garin nan akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa tun 1980 a matsayin jami'ar fasaha, ga kuma asibitin koyarwarta da Gwamnatin Tarayya ta karɓa a 2010. Masu bincike suna nan, masu jari suna nan, amma babu wata hulɗar kuɗi tsakaninsu. Wannan rashin hulɗa yana jawo wa ƙasa asarar rayuka da ta kuɗaɗen musaya, kuma babu misalin da ya fi fayyace haka kamar na makarin dafin maciji.

Darasin Kaltungo

Garin Kaltungo yana cikin Jihar Bauchi ne har zuwa 1996, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Gombe. Asibitinsa ya yi suna wajen jinyar saran maciji, musamman na kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi da cikin jiki. Manoma da makiyaya ne suka fi faɗa mata, galibi a lokacin shuka da na kaka, wato daidai sa'ad da gida ya fi bukatar ƙarfinsu. Idan babu magani, mutum 10 zuwa 20 cikin ɗari na waɗanda ta sara kan rasu.

Binciken wannan matsala a jami'a ya fara. A farkon shekarun 1970 Dakta David Warrell, yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazari mai zurfi kan saran kububuwa a Arewa. Daga shekarun 1990 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta haɗa gwiwa da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool da Jami'ar Oxford, aka kafa ƙungiyar bincike ta EchiTAb. Likitocin Nijeriya irin su Dakta Abdulsalami Nasidi da Dakta Nandul Durfa da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin.

Ga yadda sana'ar take. Ana kama macizai a Nijeriya a kai su Liverpool a tatsi dafinsu. Sai a riƙa yi wa tumaki ko dawaki allurar dafin kaɗan-kaɗan har jikinsu ya samar da garkuwa, sannan a ɗebi jininsu a ware ruwansa, a tace shi, a zuba a kwalabe. Kamfanin MicroPharm da ke yankin Wales na Birtaniya ya harhaɗa EchiTAb G daga jinin tumaki domin saran kububuwa. Cibiyar Clodomiro Picado ta ƙasar Kosta Rika kuma ta harhaɗa EchiTAb-Plus daga jinin dawaki, wanda ya haɗa da saran kasa da na kumurci. An gwada su biyun a jikin majinyata 400 a Kaltungo, aka wallafa sakamakon a 2010. Allurar farko ta maido da daskarewar jini ga kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka ba EchiTAb-Plus, da kimanin kashi 76 na waɗanda aka ba EchiTAb G. A shekarun da maganin ya wadata, mace-mace a asibitin sun sauko ƙasa da kashi 2 cikin ɗari. Wani nazari da Farfesa Habib da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya nuna cewa da kimanin Dalar Amurka 2,330 ake ceton rai guda ta wannan hanya, wanda ya sa maganin cikin mafi araha a harkar kiwon lafiya.

Ta fuskar kimiyya, babu shakka an ci nasara. Ta fuskar ciniki kuwa, Nijeriya ta ba da macizai da majinyata da likitoci da kuɗin bincike, amma masana'antar tana ƙetare, kuma fiye da shekaru goma bayan gwajin aka ci gaba da sayo maganin da kuɗin waje. Abin ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, ko da yake laifin ba na abokan hulɗa na waje ba ne, tunda su sun zuba jari a inda mu muka ƙi zubawa. An ga illar haka a 2017, lokacin da maganin ya yanke a Kaltungo da Zamko ta Jihar Filato, jama'a da dama suka rasu. An sake ganinta bayan faɗuwar Naira daga kimanin 460 a kan Dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, domin farashin kowace kwalba da Dala ake ƙulla shi.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, Cibiyar Clodomiro Picado sashe ce ta Jami'ar Kosta Rika. An kafa ta a 1970, tana bincike, tana kiwon dawakinta, tana sayar da magani ga ƙasashe da dama. Mutanen ƙasar kusan miliyan 5 ne, wato bisa ƙiyasi ba su kai na Jihar Bauchi yawa ba.

Inda kuɗin gwamnati ke tsayawa

Ba za a ce gwamnati ba ta ba da komai ba. Dokar soja mai lamba 7 ta 1993 ta ɗora wa kamfanoni harajin ilmi na kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, asusun da ya koma TETFund a 2011. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan kashi 3 a 2023, kafin dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da wasu cikin harajin raya ƙasa na kashi 4. Kason bincike na ƙasa da asusun ke rabawa ya tashi daga Naira biliyan 5 a 2019 zuwa biliyan 7.5 a 2020 da biliyan 8.5 a 2021. Har wa yau, a 2020 Babban Bankin Nijeriya ya buɗe wani shirin tallafi na binciken magunguna, wanda ya tanadi har Naira miliyan 50 domin bincike, da har miliyan 500 domin harhaɗawa.

Sai dai kuɗin TETFund na dukkan fannonin ilmi ne, kuma idan aka raba su ga ɗaruruwan malamai, abin da kowa zai samu ya isa sayen kayan gwaje-gwaje da wallafa sakamako ne kawai. Malamin jami'a kuma da yawan wallafe-wallafensa ake yi masa ƙarin girma, saboda haka da zarar takarda ta fito, shi aikinsa ya ƙare. To amma tsakanin takarda da kanti akwai matakai masu cin kuɗi. Sai an yi rajistar mallakar ƙirƙira, an gwada maganin a kan dabbobi, sannan a jikin mutane mataki-mataki. Bayan haka a gina masana'anta bisa ƙa'idojin tsafta, a nemi amincewar hukumar NAFDAC, a kuma samar da ɗakunan sanyi da 'yan rarraba kaya. Wannan tafiya takan ci shekaru goma ko fiye. Jami'a ba ta da kason yin ta, banki kuma ba ya jira, balle a lokacin da kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, kamar yadda ya faru a ƙarshen 2024.

Jari iri-iri ne

Labarin Niprisan, maganin rage raɗaɗin amosanin jini, ya nuna cewa samun kuɗi kaɗai bai isa ba, sai kuɗin ya dace da aikin. Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja, wato NIPRD, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta samo haɗin daga wurin wani malamin coci mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale. Kayan haɗin kuwa kowace uwargida ta san akasarinsu: masoro da kanumfari da ganyen karan dafi, sai wani itace da Yarbawa ke kira osun. An sami takardar mallakar ƙirƙira a Amurka a 1998, aka ba kamfanin Xechem lasin a 2002, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan a 2006. Kasuwa tana nan, tunda an ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta kowace shekara a ƙasar nan. Amma kamfanin ya dogara da rance, bashi ya yi masa katutu, uwar kamfanin ta Amurka ta bayyana fatara a 2008, aka janye lasin a 2009. Maganin ya ɓace daga kanti, sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker.

Aikin da zai yi shekaru kafin ya kawo kwabo yana bukatar hannun jari, wato kuɗin da mai shi ya yarda ya yi tarayya cikin riba da hasara, kuma ya iya haƙuri. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wajen fataken Arewa, waɗanda tun zamanin ayari suke ba yaransu jari su tafi Gwanja su dawo bayan watanni a raba riba.

Amurka ta warware wani ɓangare na matsalar da dokar Bayh-Dole ta 1980, wadda ta ba jami'o'i ikon mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati, su kuma ba kamfanoni lasin su riƙa karɓar la'ada. Misalin da ya fi kusa da mu kuwa na Indiya ne. Cyrus Poonawalla ɗan gidan masu kiwon dawakin sukuwa ne, ya kafa kamfanin Serum Institute a 1966 domin sarrafa ruwan jinin dawaki. Kamfanin ya bunƙasa har ya fi kowane yawan allurar rigakafin da yake fitarwa a duniya, kuma shi ya ɗauki rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21 da Jami'ar Oxford ta ƙirƙiro, wanda NAFDAC ta amince da shi a 2023, aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024.

Abin da ya rage wa Bauchi

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Akwai dawaki da tumaki da masu sanin kiwonsu. Akwai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda take aiki tun 1924 kuma take harhaɗa rigakafin dabbobi. Akwai asibitin koyarwa da ke karɓar masu zazzaɓin Lassa, cutar da Jihar Bauchi ke cikin waɗanda suka fi fama da ita tare da Ondo da Edo, abin da ke nuna bukatar kayan gwaji masu araha. Bugu da ƙari, bayan naɗa Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan asalin Misau, Ministan Lafiya a 2023, Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin bunƙasa masana'antun kiwon lafiya, kuma a Yunin 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan umurnin ɗage harajin shigo da injuna da kayan harhaɗa magunguna.

Wajibi ne dai a faɗi gaskiya game da haɗarin. Masu fama da saran maciji talakawa ne, ba su iya sayen kwalba, saboda haka gwamnati ce babbar mai saye. Kamfanin Sanofi Pasteur na Faransa ma ya daina yin makarinsa na Afirka a 2014 domin ciniki bai biya ba. Ke nan kafin a aza tubali, ya kamata gwamnatocin Bauchi da Gombe da Filato da Taraba da Adamawa su haɗu su rubuta alkawarin sayen adadi kaza na tsawon shekaru kaza. Da irin wannan takarda ce mai jari zai iya lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa da saran maciji duk shekara, ta ɗauki ƙudurin rage adadin da rabi kafin 2030, don haka kasuwar ba ta tsaya a kan iyakar Nijeriya ba.

Jami'a kuma tana da nata. Ya kamata ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida kan rabon la'ada tsakaninta da malamin da ya yi ƙirƙira, ta nemi taimakon hukumar NOTAP wajen rajista, ta kuma lissafa ƙirƙirar da ta shiga kasuwa cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Su kuwa 'yan kasuwa ba lalle ne su fara da masana'antar biliyoyi ba. Ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta jiha za ta iya tara asusun haɗin gwiwa, ta ɗauki ƙwararru su tantance ayyuka biyu ko uku daga jami'a, a riƙa sakin kuɗi mataki-mataki gwargwadon sakamako. Sai an sa rai cewa wasu za su faɗi, kuma wanda ya tsaya shi zai biya hasarar sauran.

Kuɗin gida ɗaya a GRA zai iya ɗaukar nauyin rajistar ƙirƙira da gwajin farko na wani aiki da yake kwance a ɗakin binciken jami'a. Mai gidan haya yana karɓar kuɗinsa a ƙarshen shekara, mai jarin magani kuwa sai ya jira shekaru, kuma yana iya tashi a tutar babu. Amma muddin babu wanda ya ɗauki wannan kasada a cikin gida, manomin Kaltungo da na Alkaleri za su ci gaba da jiran jirgin da zai kawo kwalba daga ƙetare, a farashin da canjin Dala ya yanke.