Farfesa Yagi: Masanin da sojojin ƙasarsa suka tsinci sunansa a takardun abokan gaba

Duk wanda ya bi hanyar Ningi daga cikin garin Bauchi ya nufi Gubi, in ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje, zai ga wani abu da ido ya saba da shi har ya daina lura: doguwar gora ɗaure a jikin katanga, a ƙolinta an kafa ƙarfe mai haƙarƙari kamar ƙayar kifi. Eriya ke nan. Kafin farantin tauraron ɗan'adam ya yawaita, da ita muke kamo NTA da BATV, yaro na waje yana murɗa gora, na ɗaka suna ta ƙwala masa kira, "Ya yi! A'a, koma baya kaɗan!" Har gobe masu dikodar StarTimes da GOtv da danginta suke kallo.

Wannan ƙarfe yana da suna, kuma ya je yaƙi. Injiniyoyi na ce masa eriyar Yagi-Uda, sunayen wasu malaman jami'a biyu 'yan Japan.

An haifi Hidetsugu Yagi a birnin Osaka a 1886. Ya karanta injiniyancin lantarki a Jami'ar Tokyo, sannan aka tura shi ƙaro ilimi Jamus wurin Heinrich Barkhausen. Ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 ta sa ya tsallaka Ingila, ya zauna gaban John Ambrose Fleming, ɗaya daga cikin iyayen fasahar rediyo, daga nan ya wuce Jami'ar Harvard a Amurka. Da ya koma gida sai ya zama farfesa a Jami'ar Tohoku da ke Sendai, ya duƙufa kan igiyoyin rediyo masu gajartar zango ainun, a lokacin da akasarin masana ba su ɗauke su a bakin komai ba. A ɗakin bincikensa akwai wani matashi, Shintaro Uda, wanda Yagi ya girme wa da shekara goma. A 1926 suka fito da eriyar.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Eriya mai sanda ɗaya kamar fitilar ƙwai take, haskenta na bazuwa ko'ina, har inda ba a bukata. Ta Yagi da Uda kuwa tocila ce. A cikin haƙarƙarin nan duka, ɗaya tak aka haɗa da wayar da ke sauka ɗaki. Na bayansa ya ɗan fi shi tsawo, aikinsa maido da sigina gaba, kamar madubin da ke bayan ƙwan tocila. Waɗanda ke gabansa sun fi gajarta, su ne ke tattara siginar su miƙa ta hanya ɗaya. Babu batir, babu wuta, tsawon sandunan da tazarar da ke tsakaninsu kawai ke yin aikin. Masu sauraren rediyo da suka saba jin "mita 16" da "mita 19" a gajeren zango sun riga sun san rabin lissafin, domin wannan mitar ita ce tsawon zangon igiyar, sandar da aka haɗa da waya kuma kusan rabin zangon take ɗauka. Zangon talabijin na yanzu bai wuce rabin mita ba ko kusa da haka, shi ya sa haƙarƙarin eriyarmu bai fi taƙi ɗaya da 'yan kai ba.

To, me ya haɗa wannan da soja? Rada. Wanda ya taɓa yin ihu a gindin duwatsun Bauchi ya ji muryarsa ta dawo masa, ya san tushen rada. Na'urar takan harba igiyar rediyo sama, igiyar ta bugi jikin jirgi ta dawo. Gudunta kilomita 300,000 ne a daƙiƙa, saboda haka jirgin da ke nisan kilomita 150 amsa-kuwwarsa na dawowa cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Lokacin dawowa shi ke faɗin nisa. Amma sanin ta wace kusurwa jirgin ya ɓullo sai da eriya mai duban wuri ɗaya. Nan Ingila da Amurka da Jamus suka ga amfanin aikin mutanen Sendai, suka ɗora shi kan jiragen yaƙinsu da na'urorin da ke saita fitilun kakkaɓo jirage da dare.

Su kuwa sojojin Japan ko a jikinsu. Sai a Fabrairun 1942, da Singafo ta faɗa hannunsu, suka tsinci littafin bayanan wani sojan Ingila mai kula da rada, suka yi ta cin karo da kalmar "Yagi" a ciki. Kamar yadda masana tarihin yaƙin ke bayarwa, sun zaci wani lafazin sirri ne, har suka tambayi sojan, wanda ke tsare a hannunsu, shi ne ya shaida musu cewa ai sunan ɗan ƙasarsu ne. Shekara goma sha shida ke nan da fitowar binciken, yana ajiye a cikin mujallunsu, da harshensu.

An waiwayi Yagi, amma a makare. Ya zama shugaban Jami'ar Fasaha ta Tokyo a 1942, a ƙarshen 1944 kuma aka damƙa masa hukumar fasaha ta gwamnati. Ya tarar sojan ƙasa na binciken radarsu daban, na ruwa na nasu daban, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa, malaman jami'a kuma ba a sakin jiki da su. Ranar 6 ga Agustan 1945 aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima. A jikin bam ɗin akwai ƙananan eriyoyi irin na Yagi, su ne suka auna nisansa da ƙasa har ya tashi a daidai tsayin da aka tsara. Ban taɓa karanta wannan ba tare da jikina ya yi sanyi ba.

Bayan yaƙi ya shugabanci Jami'ar Osaka a 1946, amma hukumomin mamaya na Amurka suka sa aka sauke shi saboda muƙamin da ya riƙe lokacin yaƙi. Daga baya ya kafa kamfanin ƙera eriya a 1952, daidai lokacin da talabijin ke shirin shiga gidajen Japan.

Akwai wani haƙƙi da bai kamata a tsallake ba. Uda ne ya yi mafi yawan gwaje-gwajen da hannunsa, ya kuma rubuta su da Japananci. Yagi ya yi rajistar mallakar fasahar da sunansa shi kaɗai, kuma maƙalarsa ta Turanci da ta fito a Amurka a 1928 ita duniya ta karanta. Ya ambaci ƙoƙarin Uda a ciki, gaskiya ne, amma suna ya riga ya bi babba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk ɗalibin da ya taɓa yin bincike ƙarƙashin wani malami ya san wannan ciwon. Su biyun duka a 1976 suka rasu, Yagi a Janairu, makonni biyu kafin Janar Murtala ya ƙirƙiro Jihar Bauchi, Uda kuma a Agusta.

Dalilin da ya sa na ɗauko labarin daga Gubi shi ne, a nan Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa take da mazauninta na dindindin, jami'ar da aka kafa a 1980 musamman domin fasaha. A garin Bauchi kuma Rundunar Sojan Sama take da hedikwatar ayyukanta na musamman. Kowace shekara ɗaliban lantarki da sadarwa na rubuta kundin kammala karatu, a ɗaure shi da bango mai kauri, a jera a kanta. Wa ke buɗewa? Radar da ke lura da sararin samaniyarmu, shirin da aka ƙaddamar a 2010 mai tashoshi a Kano da Abuja da Legas da Fatakwal da Maiduguri da Talatar Mafara da wasu wuraren, kamfanin Thales na Faransa ne ya kafa ta. Sayen kaya daga waje ba abin kunya ba ne. Abin tsoro shi ne na'ura ta lalace, a rasa mai taɓa ta sai an jira baƙo ya sauka a jirgi, alhali ƙasar na fama da 'yan bindigar da sai an hango su daga sama.

Mun ga alamar za a iya. A 2018 injiniyoyin sojan samanmu, da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal, sun ƙaddamar da jirgi mara matuƙi a Kaduna, suka raɗa masa suna Tsaigumi. Irin wannan jirgi ba ya tashi ya dawo da hoto sai da eriya a jikinsa da wata a ƙasa, kuma lissafinta shi ne wanda ake koyarwa a azuzuwan jami'o'inmu.

Kirana ga shugabannin jami'ar da manyan hafsoshin da ke Bauchi shi ne su riƙa zama tare, ko sau ɗaya a shekara. Sojoji su kawo matsalolin sadarwar da ba na sirri ba, malamai da ɗalibai su baje abin da suka gwada, a ware kuɗin sayen na'urorin awo, wanda aikinsa ya yi kyau a ɗauke shi. In kuma an buga sakamakon, a rubuta sunan ɗalibin da ya riƙe waya da filaya kusa da na malaminsa.