Kafso da Ganuwar Ƙwayar Cuta

A kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi, kalmar "kafso" ta daɗe da zama 'yar gida, har akan bambanta irinsa da launi, a ce ja-da-rawaya ko baƙi-da-ja. Amma kaɗan ne cikin masu saye suka san abin da yake aikatawa a jiki.

Asalin irin wannan magani fumfuna ce, wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. A 1928 wani masani mai suna Alexander Fleming, a asibitin St Mary's na Landan, ya tarar fumfuna ta faɗa cikin faifan da yake renon ƙwayoyin bakteriya, ya kuma lura duk waɗanda ke kewaye da ita sun mutu. Ya raɗa wa ruwan da take fitarwa suna fanisilin, amma tace shi ya gagare shi. Howard Florey da Ernst Chain na Jami'ar Oxford su ne suka cim ma wannan. A 1941 aka gwada shi a kan wani ɗan sanda. Ya fara samun sauƙi, sai maganin ya ƙare, ya rasu.

To, yaya yake kisa? Bakteriya halitta ce mai ganuwa, kamar birnin Katsina na dā, kuma duk sa'ad da za ta rabu biyu sai ta yi sabon gini. Fanisilin hana maginanta ɗaure tubalin yake yi. Ganuwa ta yi rauni, ruwa ya kwararo ciki, ƙwayar ta kumbura ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da wannan ganuwa, shi ya sa yake wuce su. Haka nan ƙwayar mura da ta ƙyanda ba bakteriya ba ce. Shan kafso dominsu asarar kuɗi ce kawai.

Ƙasar Hausa ta ga ranar wannan ilmi a annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta ci rayuka fiye da 11,000 a Nijeriya, inda allurar kuloramfenikol ta ceci dubbai.

Abin damuwa shi ne sayen ƙwaya biyu ko uku gwargwadon kuɗin aljihu. Raunanan ƙwayoyin cuta su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, gobe maganin ya daina cin su. Fleming da kansa ya yi wannan gargaɗi a 1945, lokacin karɓar kyautar Nobel tare da Florey da Chain.