Hutun ƴan makaranta: shagunan Konni na da wurinsu

Daga Yuli zuwa Satumba, muna ganin ƴan kwaleji zaune a tashar Birnin Konni ba aikin yi. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, wasunsu arewa suke nufa, kuma ba duka ke komawa aji ba.

Alhali Alhazan da ke ɗauko kaya daga Illela har biya suke yi a karanta musu takardun duwan na Faransanci. Yaron da ya kai aji huɗu zai iya wannan, ya riƙe littafin bashi, ya lissafa canjin naira da sefa, shi kuma ya koyi ciniki. Daraktocin makarantu sun san yara masu amana, ƴan kasuwa ne dai ba sa zuwa tambaya.