Jera Bututun Kabon a Cikin Kiristal Mai Gudana

A shekarar 1991 Sumio Iijima, masanin kimiyya ɗan ƙasar Japan, ya bayyana wa duniya wasu ƙananan bututu na kabon, watau sinadarin da ke cikin gawayi. Kaurin mafi sirantarsu bai wuce misalin nanomita 1 ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan dubu na mita. Suna da ƙarfi ƙwarai, kuma lantarki yana bin tsawonsu cikin sauƙi. Amma idan aka ƙera su, sai su cukurkuɗe kamar zaren da kaji suka tattaka. Tsintsiyar da kowane tsinke nata ya fuskanci wani gefe ba ta shara; haka bututun nan ba su ba da cikakken amfani sai an jera su.

Maganin ya samo asali ne daga wani tsohon bincike. A 1888, a birnin Firag, Friedrich Reinitzer ya lura da wani sinadari wanda ke narkewa sau biyu. Tsakanin narkewar farko da ta biyu yana gudana kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa dogaye suna fuskantar gefe ɗaya. Wannan shi ne kiristal mai gudana, wanda ke cikin fuskar agogon lantarki da wayar hannu.

Idan aka zuba bututun kaɗan a cikinsa, ƙwayoyin sukan tilasta musu kwantawa a jere, kamar yadda ruwan rafi ke jera karan da ya ɗauko. Sa'an nan sai a sa cakuɗin tsakanin gilasai biyu, a kunna lantarki. Da zarar ƙarfinsa ya kai wani mizani, ƙwayoyin sai su juya, bututun su bi su. Ingo Dierking da abokan aikinsa sun nuna haka a 2004: bututun da suka miƙe tsaye sun zama gada tsakanin gilasan, lantarkin da ke wucewa ya ƙaru.

Sai dai akwai cikas. Bututun suna da ɗabi'ar mannewa da juna, saboda haka idan aka yawaita su sai su dunƙule, jerin ya lalace. Muddin ba a shawo kan wannan dunƙulewa ba, dabarar za ta fi zama a ɗakin gwaji bisa ga masana'anta.