Malama Lois Mailou Jones: shekara 47 tana koyar da zane

A zamanin wariyar launin fata a Amurka, manyan gidajen nunin zane sun riƙa ƙin karɓar aikin baƙar fata. A 1941, Malama Lois Mailou Jones ta danƙa ma ƙawarta Bafaranshiya, Céline Tabary, wani zanenta don ta shigar da shi gasa a gidan Corcoran na birnin Washinton. Alƙalai ba su san mai shi ba, sai ga shi ya ci lambar yabo.

Wannan baiwar Allah ta koyar a jami'ar Howard daga 1930 har 1977, tana nuna ma ɗalibai darajar fasahar Afirka. Cikin almajiranta akwai David Driskell, wanda ya shirya babban nunin ayyukan baƙaƙen Amurka na shekara 200 a 1976.