Yadda Latin ya bar gado a Italiyanci da Fotugis

Italiyanci da harshen Fotugis nono ɗaya suka sha, wato Latin, harshen daular Rum. Rumawa sun shiga yankin da Sifen da Fotugal suke a yau a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daularsu ta yamma ta rushe a 476 bayan haihuwarsa, amma harshen ya zauna a bakin jama'a. Wanda ya yi yaɗo kuwa shi ne Latin na sojoji da manoma da 'yan kasuwa, kuma sunayen kayan yau da kullum ne shaida.

A rubutaccen Latin sunan doki equus ne, amma talaka caballus yake cewa, dokin aiki. Shi ne ya zama cavallo a Italiya, cavalo a Fotugal. Casa bukka ce a da, yanzu ita ce gida a ƙasashen biyu, domus na masu hali kuwa ya koma duomo a Italiya, babban coci. Testa tukunyar ƙasa ce. Italiyawa suka mai da ita kai, mutanen Fotugal suka mai da ita goshi. Mafi ban sha'awa ita ce hanta. Rumawa sukan kiwata dinya da ɓaure, ficus, don hantarta ta yi kitse, sai a kira abincin ficatum. Sannu a hankali sunan girkin ya cinye sunan hantar kanta, aka sami fegato da fígado.

Kowane harshe da yadda ya tauna kalmomin. Noctem, lactem da octo, wato dare, madara da takwas, sun zama notte, latte, otto a Italiyanci, wanda yake son ruɓanya baƙi. A Fotugis sun zama noite, leite, oito. Fotugis kuma yakan haɗiye l da n idan suka faɗo tsakanin wasula: wata luna ne a Italiya, lua a Fotugal; hannu mano ne can, mão nan.

Wani lokaci kowa nasa ya ɗauka daga rumbu guda. Italiyawa sun riƙe fenestra, taga, suna cewa finestra, mutanen Fotugal suka zaɓi janela, wadda asalinta ƙaramar ƙofa ce. Abin da ake cin abinci a kai mesa ne a Fotugal, daga mensa. A Italiya tavola ne, daga tabula, allon katako. Wannan tabula ce ta bi ta Turanci ta iso Hausa a matsayin tebur.