Amsar Wasiƙa: In Mai Buga Morse Ya Tarar Da Wani A Kan Mita, Wa Ke Kaucewa?

 Wasiƙar yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi. Ya ce da dare in yana murɗa akwatinsa a gajeren zango, kusa da mita 41, yakan ji wata ƙara mai yankewa, aka ce masa wai mutane ne ke hira. Shi ne yake tambaya, in da gaske ne, yaya suke yi idan sun yi karo a wuri guda?

To Malam, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Wannan ita ce Morse, wadda ta samo suna daga Samuel Morse, mutumin Amurka da ya aika saƙo ta wayar tangaraho daga Washington zuwa Baltimore a 1844. Kowane harafi ana haɗa shi ne da gajeren sauti da dogo, dogon kuwa ya ninka gajeren sau 3. Jiragen ruwa sun daina dogara da ita wajen neman agaji a 1999, amma masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke da lasisin aika saƙo daga gidajensu ba don kuɗi ba, har gobe suna bugawa. Kowa da lambarsa: ta Nijeriya takan fara da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G.

Abu na farko, ka sani babu mai mallakar mita. Kamar inuwar kuka ce a bakin kasuwa, wanda ya riga shimfiɗa tabarma shi ke da wurin har ya tashi. Don haka mai ladabi ba ya taɓa mabugi sai ya kasa kunne tukuna.

Amma fa shiru ba ya nufin ba kowa. Saƙon gajeren zango yakan hau sama ne ya dawo ƙasa can nesa, ya tsallake na tsakiya. Sai ka ga wani a Faransa yana sauraron abokinsa, kai kana iya jin Bafaranshen in ya buga, amma abokin ba ka jinsa sam. In ka faɗa wurin, ka rufe masa kunne ke nan.

Shi ya sa ake sallama, tunda baƙon da ba sallama mugu ne. Sallamarsu haruffa 3 ce da alamar tambaya: QRL? Ma'ana, akwai mai aiki a nan? Irin waɗannan gajerun alamu masu farawa da Q sun shiga yarjejeniyar ƙasashe a taron Landan na 1912, don Bajamushe da Balarabe su fahimci juna ba tafinta. Ka buga sau ɗaya, ka dakata 'yan daƙiƙoƙi, ka sake. In shiru, sai ka buga CQ, wato kira ga duk mai ji, ka bi da DE da lambarka.

To in akwai mutum fa? Zai amsa a taƙaice da C, wato i, ko QRL, ko ya ce QSY, ma'ana ka matsa. Wani kuma AS zai buga, wato dakata kaɗan. A nan ne ake gane ɗan halak: ba gardama, ba doguwar ban haƙuri, don ban haƙurin ma damuwa ce. Ka murɗa gaba kawai ka sake tambaya. Wuri bai yi kaɗan ba, domin inda murya ɗaya za ta zauna, masu Morse fiye da 10 sa iya zama.

In kuma so kake ka shiga hirar, saurari yadda mai bugawa ya rufe zancensa. K na nufin kowa ya amsa. KN na nufin wanda na kira kaɗai, kamar dai ka tarar ana cinikin buhun gero, ai ba ka tsoma baki ka taya. SK kuwa an yi sallama ke nan, sai ka kira wanda kake so. Bayan kun gama, wurin na wanda ya fara zama ne, kai za ka tashi.

Kada ka ɗauka ladabi ne kawai. Morse takan ratsa inda murya ta gaza, saboda haka wannan siririyar ƙarar da ka raina, mai yiwuwa wani ne da ƙaramin batir yake neman taimako bayan ambaliya ta yanke wayoyi. Wanda ya ji SOS, dole ya tsaya cak ya saurara, komai daɗin hirarsa.

Da fatan ka gamsu, Malam. Matambayi dai ba ya ɓata. Su masu Morse da 73 suke rabuwa, wato gaisuwa da fatan alheri. Mu ma mun ce maka 73, Allah ya ba da kasuwa, sai mun ji daga gare ku.